Muryar Malam Buba a Hannun Ashiru

Ranar da na fara zuwa rumfar Ashiru mai gyaran waya a Birnin Kudu, ya tashi ya ba ni kujerarsa, shi ya koma kan bokitin fenti. Sati biyu ke nan da fitata takaba. Daga Gwaram na taho da wayar maigidana, Malam Buba, ƙulle a gefen mayafi.

Karatunsa ne a ciki. Yakan ɗauki muryarsa in yana tilawa da hantsi, har da tarinsa da kukan kajina. Wayar ta fara nauyi, na kai wa wani a Basirka, ya ɗora mata manhajar da ba tata ba. Tun ranar sai ta nuna sunan kamfani ta tsaya. Kowa ya ce sai filashin, filashin kuwa wanke komai ne.

Ashiru ya duba lambar bayanta, ya duba wani tsohon littafi da yake rubuta lambobin wayoyi.

"Inna, irin wannan wayar kala biyu ce, kamar Hassana da Usaina. Manhajar ɗayar ya saka wa wayarki."

"To, ta mutu ke nan?"

"Suma ta yi. Akwai ɗakuna a ciki da kamfani ya kulle. Zan nemi izinin shiga ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na share ba. Sai dai ki haɗa da addu'a."

Ɗan Wurno ne, ɗinki ya fara koya, da damina kuma gona yake komawa. Na lura in hoton mutane ya bayyana a waya, kau da kai yake yi.

Kwana uku ya yi a kanta. Da na dawo bai kunna a gaban mutane ba, abin saurare ya miƙo mini na sa a ƙarƙashin hijabi. Sai ga Malam yana gyaran murya.

Yanzu Ashiru yana Kano, kankana ake sayarwa a rumfar. In na wuce nakan tuna yadda ya sunkuyar da kai ranar, shi da komai na wayar yake buɗe a hannunsa, ya ce:

"Inna, sura ɗaya na ji wajen gwaji. Babana ya rasu, ba ni da muryarsa. In kin yarda, ki bar ni in kwafi wannan ɗin."