Mai Zanen da Ba Ya Gane Ja da Kore

Wata rana, a wani ɗan shago da ke saman bene a bakin kasuwar Funtuwa, wani mai zane ya danna maɓallin kwamfutarsa, ta ƙi tashi.

Ya sake dannawa.

Shiru.

Sunansa Ukasha, shekarunsa talatin da takwas. Shi ke zana wa mutanen garin tambarin sana'a, da sitikar da ake manna wa robar yaji ko kwalbar zuma. Irin zanen nan na layi tsantsa yake yi, wanda ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya dusashewa. Hannunsa kuwa ba a magana. In ya zana maka kaza, sai ka ji kamar ka watsa mata tsaba.

Mai gyara ya buɗe kwamfutar, ya jujjuya, ya girgiza kai. Ma'ajiyarta ta ƙone. Za a iya sa sabuwa, amma abin da ke cikin tsohuwar ya tafi ke nan.

Ukasha bai tambayi zane-zanensa na shekara bakwai ba. Fayil ɗaya tak ya tambaya.

Mai gyara ya ce har shi.

Ga abin da ba wanda ya sani a duk kasuwar. Tun da aka haifi Ukasha ba ya bambance ja da kore. Ja, kore, ruwan ƙasa, duk kusan abu ɗaya suke a idonsa, kamar ruwan kududdufi. Yana firamare ya taɓa shafa wa bishiya jan ganye, 'yan aji suka yi ta dariya har malami ya taya su. Daga ranar ya kama bakinsa.

Mutum ɗaya ya taɓa gaya wa: matarsa, Badariyya.

Ita ba ta yi dariya ba. Kujera ta jawo ta zauna kusa da shi. Cikin sati biyu suka haɗa jerin launuka a cikin manhajar zanensa, ƙananan akwatuna sittin da wani abu, kowanne ta raɗa masa suna da bakinta. Jan tumatir nunanne. Jan zoɓo. Koren zogale bayan ruwa. Ruwan fatar mutum baƙi. Ruwan fatar wankan tarwaɗa. Ta ware masa su gida-gida, waɗanda ke zama da juna da waɗanda ba sa ga maciji.

Shi dai ya karanta suna, ya danna, ya zuba a zane.

In ya gama, sai ta leƙo ta kafaɗarsa da ludayi a hannu, ta ce, "Wannan bai zauna ba, Malam, sauya shi."

A haka ya yi suna. Har cewa ake yi Ukasha ya san launi.

Badariyya ta rasu bara, bayan jinyar kwana tara. Allah bai ba su haihuwa ba.

'Yan zaman makoki suka watse, dangi suka koma garuruwansu. Ya kwashe kwamfutar daga gida ya mayar shago gaba ɗaya, don ba ya iya zama a ɗakin da kujeru biyu suke. Wata goma sha ɗaya yana aiki bai taɓa fita daga akwatunan da ta bar masa ba. Wani lokaci ko aiki babu, sai ya bi su da linzamin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, sunayen suna fitowa, yana karantawa.

Wannan ne fayil ɗin da ya ƙone.

Kuma ga aiki a gabansa.

Hajiya Kubura, shugabar wata ƙungiyar mata masu busar da kayan miya, ta ba shi zanen sitikar da za su manna wa kayansu a baje kolin da za a yi a Kaduna. Mata arba'in da biyu ne a ƙungiyar, wannan ne karo na farko da kayansu za su fita daga gari. Zanen wata mata ce ɗauke da faranti, da tumatir da tattasai da ganye a kai. Allah ya taimake shi ya riga ya tura wa Hajiya zanen a waya kafin ya sa launi, don haka bai ɓace ba.

Ta kawo masa ƙyallen atamfar ankonsu, ta ce launukan su zama irin nata sak.

Ya shimfiɗa ƙyallen a tebur. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ɗauke shi hoto da waya a cikin ɗan duhun shagon, ya sa a kwamfutar da aka gyara, ya tsinci launukan daga jikin hoton. Ya duba lambobin da manhajar ke nunawa, ya yi lissafinsa: wannan zai zama ja, wancan kore. Amma lamba ba ta gaya maka tumatir ya nuna ko ya ruɓe.

Ya cika zanen tsaf. A idonsa komai ya zauna.

Ya juya gefen damansa kamar zai yi magana. Bango ne kawai a wurin.

Ranar Talata Hajiya Kubura ta hau benen tare da mata biyu 'yan ƙungiya. Ya juya musu fuskar kwamfutar.

Ɗayar ta toshe baki da mayafi. Ɗayar ta kasa, dariya ta ƙwace mata.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Ukasha, lafiya kake kuwa? Tumatir kamar wanda ya kwana uku a kwata. Ganye kamar an babbake. Ita kuma baiwar Allah fuskarta kore-kore, kamar mai ciwon hanta. Wa zai sayi abinci a hannun wannan?"

Ya ce kwamfutar ce aka sauya wa ma'ajiya, ba ta gama daidaita ba.

Ta ce, "Alhamis za a kai wa masu bugawa. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yau, in nemi wani."

Ya ce zai iya.

Suka sauka. Yana jin dariyar har ƙasan bene.

Ya zauna. Hayaniyar kasuwa na shigowa ta taga, masu baro na ihu, ana kiran farashi. Mutane dubbai a ƙarƙashinsa. Ya buɗe wayarsa ya bi sunaye daga sama har ƙasa, ya rasa mutum ɗaya da zai iya kira ya ce, zo ka gaya mini wannan wane launi ne.

Ya gwada tuno sunayen da ta raɗa. Sunayen suna nan a kansa. Launukan ne ba su taɓa shiga ba.

Ranar bai ci abincin rana ba.

Laraba ma ya wuni yana sauya launi yana mayarwa, kamar makaho na zaɓen hula. Da aka idar da la'asar, maimakon ya hau sama, sai ya tsaya a gindin matattakala.

A nan wani tsoho yake da ɗan teburi, Baba Ilu mai zare. Zaren ɗinkin hula da na aikin wuyan riga yake sayarwa, an jera su ƙulli-ƙulli. Shekara shida suna gaisawa safe da yamma, gaisuwar ba ta taɓa wuce "ya kasuwa" ba.

Ukasha ya zaro ƙyallen daga aljihu. Ya ɗora yatsa a kan wani fure.

"Baba, wannan wane launi ne?"

"Ja ne mana, jan dara, irin na hula. Gwada ni kake yi?"

"Ni ba na ganinsa, Baba."

Tsohon ya ɗago. "Tun yaushe?"

"Tun da aka haife ni."

"To da wane ido ka yi duk aikin da ake yabo?"

"Da na matata."

Baba Ilu ya san rasuwar, har jana'iza ya je.

Sai ya ce, "Ka gan ni nan? Shekara biyu rabon da wani ya tambaye ni wani abu in ba 'nawa ne' ba. Kama mini tiren nan, gwiwata ba ta son bene."

Ya rufe teburinsa da buhu. Suka hau, tsohon na hutawa a kowace taka uku.

Bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Ya dubi zanen, ya ce, "Subhanallahi."

Ya sa aka buɗe taga duka. Ya zaɓo ƙullin zare ya ɗora a kan atamfar, ya ajiye, ya ɗauko wani, har ya sami wanda ya ɓace a jikin furen. Sannan ya kara shi a jikin fuskar kwamfutar.

"Ƙara masa jini."

Ukasha ya ja linzami.

"Ƙara. Ƙara dai. Tsaya! Ka wuce, ya koma ruwan hanta. Dawo kaɗan. Yawwa, nan."

Ukasha ya adana shi a sabon akwati. Ya ce, "Wane suna za mu sa masa?"

"Jan dara, na gaya maka."

Ya rubuta.

Suka koma kan ganye. Baba Ilu ya ce wannan koren na lalle ne busasshe, a kai shi koren rama. Suka koma kan tattasai, ya ce kada ya zama ja ɗaya da tumatir, in ba haka ba daga nesa za su haɗe, a ɗan ja shi wajen ruwan goro. Bayan zanen kuma ya ce a bar shi ruwan madara, don kayan su fito. Shekara hamsin yana haɗa wa masu ɗinki zare, ya san wanda ke danne wani da wanda ke ɗaga shi.

Fuskar matar ce ta ba su wahala. Babu zaren da ya yi daidai.

Tsohon ya naɗe hannun rigarsa, ya kara damtsensa a jikin gilashin.

"Bi wannan. Amma ka rage mata shekara arba'in."

Ukasha ya yi dariya. Sautin ya ba shi mamaki, don ya manta rabonsa da jin sa.

Cikin aikin ne labari ya fito. Matar Baba Ilu ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yansa uku, ɗaya a Legas, ɗaya a Fatakwal, macen tana aure a Maraɗi. Suna kira ranar Juma'a, wani lokaci. Ba don ciniki yake fitowa kasuwa ba, masu ɗinkin hannu sun ƙare, yanzu inji ke yi. Yana fitowa ne don ya ji motsin mutane.

Kafin a kira magariba sun haɗa launi goma sha huɗu.

Alhamis da safe Hajiya Kubura ta zo ita kaɗai. Ta dubi zanen, ta ɗora ƙyallen kusa da shi, ta ja da baya ta sake dubawa.

Ta ce, "To, ka ga aiki. Ashe kwamfutar ta daidaita."

Da ya yi shiru, da maganar ta wuce.

Ya ce, "Hajiya, ba kwamfuta ba ce. Ni ne ba na gane ja da kore. A da marigayiya matata ce ke duba mini. Wannan Baba Ilu na ƙasa ne ya duba."

Ta dube shi, ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Mu kuma ka yafe mana dariyar shekaranjiya. Da ka faɗa, ai mu arba'in da biyu ne, ba a rasa mai ido ba."

Ta karɓi aikin ta tafi.

Bayan la'asar, Ukasha na zaune, sai ya ji taku a matattakala. Taka uku, a huta. Taka uku, a huta.

Baba Ilu ne, da tiren zarensa, yana haki.

"Na ce bari in ji, an karɓa?"

"An karɓa, Baba. Har an yaba."

"Madalla. Yau akwai wani?"

Gaskiya babu. Ukasha ya ce, "Yau kam babu, Baba."

"To. To, shi ke nan."

Ya juya. Amma bai sauka ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Ukasha ya dube shi. Ya san wannan tsayuwar.

Ya buɗe sabon shafi fari fat, ya yi sauri ya ja layin wani zakara, ko ƙafafu bai gama ba.

"Af, Baba, na manta. Akwai wannan, kuma launinsa da yawa. Yau ba za mu gama ba."

Tsohon ya dawo, ya jawo kujera da kansa, ya ajiye tire a cinya.

Ya ce, "To fara da tukkun."

Darasi:

Abin da kake ɓoyewa don kada a yi maka dariya, sau da yawa shi ke rufe ka a ɗaki kai kaɗai. Ukasha ya kusa rasa sana'arsa saboda tambaya mai kalma huɗu.

Kuma wanda kake jin nauyin tambaya, wataƙila ya shekara yana jiran wani ya buƙace shi.

Akwai wanda kuke gaisawa kullum, gaisuwar ba ta taɓa wuce "ya aiki" ba. Gobe ka ɗan tsaya.

In ka san wani da ke fama shi kaɗai bai faɗa ba, tura masa wannan. In ka tura, ka bi shi da kira.