Ranar da Umma Ta Yanka Zaki da Biro

Ko zan manta komai na zamana a Madina, ban da ranar da mahaifiyata ta yanka zaki da jan biro.

Lokacin ina aiki a wani kantin magani a unguwar Sultana, muna haya a unguwar Harra ta Yamma. Maƙwabcinmu wani dattijon tela ne, Bahaushen Sudan. Yana da tsohon littafin labaran dabbobi, wanda mahaifinsa ya taho da shi tun ana zuwa hajji a ƙasa. Takardun sun yi ja, amma zanen na nan daram: zaki ya hakimce, dila na ta fadanci, kura na zare ido. Ni kuwa da shegen naci sai da na sa ya ba ni aro in nuna wa yarana. Da zai miƙo mini ya ce, "Ya binti, 'yata, amana ce fa. Ko jikokina ba sa taɓa shi."

Na ajiye shi a falo na tafi aiki. Umma, wadda ta zo umra daga Kano, ita kaɗai ce a gida.

Na dawo bayan la'asar ta tare ni da fara'arta. "Ke, na gyara miki littafin nan. A garin Manzon Allah ki ajiye hoton mai rai? Ta ina mala'iku za su shigo? Duk na yanka su."

Haka ake yi a gidanmu: hoton dabba a kalanda ko kwali, a ja masa layi a wuya, shi ke nan ya mutu. Na buɗe littafin. Shafi bayan shafi, jan layi a kowane wuya, har da 'yan tsaki. Na zauna daɓas a ƙasa. Ita kuwa jira take in yi godiya.

Na kai wa dattijon littafinsa shago. Ya kashe keken ɗinki, ya sa tabarau, yana buɗawa a hankali. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Can wajen ƙarshe ya tsaya ya ɗora yatsa.

"Ta bar kunkuru," ya ce. "Ya shigar da kansa cikin ƙoƙo, ba ta samu wuyan ba. Malesh, ba komai, ya binti. Ki gaishe da Hajiya."

Ya naɗe littafin a ƙyalle ya tura ƙarƙashin tebur. Har na bar Madina muna gaisawa, amma bai ƙara ambaton sa ba.

Tun ranar, duk abin da aka ba ni amana akwati yake shiga in kulle. Na gane ba sai mugu ke lalata amana ba. Tawa, mai neman lada ce ta gama da ita.