Mai Tsufar da Riguna

Shekara ashirin da bakwai Inna ta yi a ɗakin kaya na gidan talabijin, kuma aikinta abin dariya ne ga wanda bai sani ba: ita ce mai tsufar da riguna. A kawo mata sabuwar riga fil, ta jiƙa ta a ruwan shayi, ta goge gwiwar hannu da dutse, ta warware zare biyu a wuya, ta sa faci. Kafin kwana uku sai ka rantse wani ya yi shekara goma yana neman abinci a cikinta. Mijinta har ya rasu yana tsokanarta, wai ita kaɗai ce aka ɗauka aiki don ta lalata kayan mutane.

Da aka ce za a yi wasan wani tsohon littafi a talabijin, ta kasa rufe baki don murna. Tun tana makaranta ta karanta shi. Labarin 'yar wani akawu ne mai riga ɗaya tak, wadda ta ƙi zuwa wurin mutumin da take so saboda kunyar facin da ke kafaɗarta, har ya gaji ya bar garin. Inna ta sha kuka a wannan shafi, kuma ba ta ɓoyewa.

Shi kuwa darakta, mutum mai ladabi wanda a gabanta ya fara aiki, an matsa masa daga sama. Wai masu kallon yanzu ba sa zama su kalli talauci. Aka mai da akawu ma'aikacin banki, wasiƙu suka koma saƙon waya, wani kantin tufafi ya ɗauki nauyin shirin da sharaɗin a ga kayansa a jikin jarumar. Duk an faɗa a taro, amma Inna ba ta zuwa taro. A ganinta surutun masu takarda ne.

Ranar Alhamis aka ajiye mata sababbin riguna goma sha biyu daga kantin a tebur, da takarda mai sunan jarumar. Ba ta tambayi kowa ba, tunda ba ta taɓa tambaya ba. Ta cika bokiti da ruwan shayi. Ranar Litinin ta jera su, kowace da facinta a kafaɗa, tana jiran yabo.

Mai kanti ya zo ya gani, ya ce a zaɓa, ko Inna ko shi.

Darakta da kansa ya sauko ɗakinta ya rufe ƙofa. Ya daɗe yana juya hannun riga, yana cewa bai taɓa ganin aiki mai kyau haka ba. Gaskiya kuwa ya faɗa.

"Ɗana," in ji Inna, "in tana da riga goma sha biyu, me zai hana ta zuwa wurinsa?"

"Mun canza, Inna. Yanzu za ta je."

"To ai ba ita ba ce."

"Na sani. Ni ma na karanta."

Sannan, kansa a ƙasa, ya ce manya sun ce ta ba da makulli. Ba ta roƙe shi ba, don ta ga shi ma abin tausayi ne. Ta dai tambayi wa za a ba ɗakin, ko ta tsaya mako guda ta nuna masa yadda ake yi. Ya ce ba kowa. Fitilu za a ajiye a ciki, kaya kuma daga kanti za su riƙa zuwa a leda.

Wannan ta fi korar yi mata ciwo. Ta buɗe jakarta ta fara laluben makullin.