Naman Layya a Gidan Yaya a Dapaong

Mun tashi da asuba daga zangon Lome, ni da maiɗakina, saura kwana shida Babbar Sallah. Ita tana ɗauke da kwando mai kurfoti, wato murhun gawayi, da 'yar tukunya da garin dawa da busasshiyar kuɓewa. Ni kuma ina jan akwatin ƙarfe, kwalbar ƙwayoyi tana ƙara a aljihun gaba. Tunda duk wanda ya leƙo shago sai ya tambaye ni abin da ya sami hannuna, gara in faɗa sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne, na haura shekara ashirin a kan keke. Zaman nan ne ya tara mini teɓa, har wata uku da suka wuce jiri ya kayar da ni a tsakiyar shago. Likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya ce tansiyo ne, wato hawan jini. Ya hana ni gishiri da kitse da man shanu, ya ce in riƙa tafiyar ƙasa kowace safiya, in kuma sha ƙwaya kullum. Ya ƙara da cewa in bar zancen zuwa arewa sai baɗi. Duk na ji, ban da wannan na ƙarshe.

Dalilina shi ne yayana, mahauci ne a kasuwar Dapaong, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shekara tara ba mu ga juna ba, tun ranar da na auri 'yar Kotokoli daga Sokode, shi kuma ya ce bai yarda ba, ya faɗi maganganun da ban so in maimaita. Bana sai ga wani direba ya kawo mini saƙonsa: in zo mu yi Layya tare, ni da matata, girma ya kama shi. Wanda ya jira irin wannan saƙo shekara tara ba zai amsa da cewa likita ya hana ba.

Jirgin ƙasa ya kwashe mu har Blitta, inda dogo ya ƙare. Yini guda muka yi a cikinsa, ga zafin bazara, ga awaki a ƙarƙashin benci. Kowace tasha mata na miƙo faranti ta taga: ƙosai, soyayyen kifi da yaji, dafaffen ƙwai. Mutumin da ke kusa da ni ya sayi kifi har uku, ya yi mini bisimilla sau uku, ni kuwa ina tauna dafaffiyar doya lami da ayaba biyu. Na ce masa na ƙoshi. Cikina ya ƙaryata ni da ƙarfi har ya juyo ya dube ni.

A Blitta muka kwana, da safe muka hau bayan babbar mota. Tun da soja suka karɓi mulki shinge ya yi yawa a hanyar nan. A Sotouboua aka sauke mu duka, muka yi layi a rana da katin shaida a hannu, wani jandarma ya zazzage kwandon maiɗakina yana tambayar me ya sa matafiya ke yawo da tukunya. A Adjengré doya ta yi arha har abin ya ba ni haushi, wagashi kuma, cukun nan na Fulani, dala biyar babban curi, wanda a Lome ko an ninka kuɗin ba a samu. Na tambaya ko akwai marar gishiri. Mai tallar ta yi dariya ta wuce wajen wani.

Mun sauka Sokode wajen azahar, gidan surukaina a unguwar Kpangalam. A nan kunya ce ta cece ni. Suruki ba ya ci a gaban surukai, saboda haka a ɗaki ake kawo mini akushi a rufe ƙofa. Surukata ta daka sakwara, miyar gyaɗa man na yawo a kai, ga soyayyen wagashi, ga kaza. Maiɗakina ta ci abin da za ta iya, ta zagaya da sauran wa ƙannenta, ta dafa mini tuwona da miyar kuɓewa ba gishiri. Akushi ya koma fanko, tsohuwa ta yi ta sa mini albarka, tana cewa mijin 'yarta ba ya raina abincin mutane.

Tafiyar safe ce ta jawo mini abin kunya. Washegari bayan sallar asuba na kama titi ina sauri ina kaɗa hannu, yadda likita ya nuna mini. Ban yi nisa ba jandarma biyu suka tare ni. Suka ce ina za ni, na ce babu inda za ni. Daga ina nake, na ce daga nan. Suka dubi juna. A ganinsu mutum mai furfura da babbar riga ba zai yi irin wannan sauri ba sai yana gudun wani abu ko yana kai wani saƙo. Suka zaunar da ni a benci har hantsi, sai da wan matata ya zo ya yi musu bayani da Kotokolanci. Daga ranar na koma zagaya rijiyar tsakar gida, matan gidan na leƙe suna ƙunshe dariya.

Kwana uku muka yi, muka kama hanyar arewa. A nan na yi kuskuren farko. Ƙwayar nan tana sa fitsari, direban kuma ya faɗa tun a tasha cewa ba ya tsayawa sai a shinge. Sai na ce bari in ajiye ta kwana biyu. Motar ta hau duwatsun Bafilo tana nishi, ta bi ta wani matsattsen tsagin dutse inda ake riƙe numfashi, kowa na salati. Bayan Lama-Kara ƙasa ta buɗe, itatuwa suka ragu, sai kuka da kaɗanya da garken shanun da ake korawa kudu. Hanyar duk gargada ce, haƙora na haɗuwa. Muka kwana a Mango, ranar jajibere muka shiga Dapaong.

Yaya na tsaye a tasha. Ya rame, gemunsa ya yi fari tas, har na wuce shi ban gane ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya juya ya gaida maiɗakina da kansa, ya ce mata sannu da hanya. Ban taɓa zaton zan ga wannan ba. Da muka isa gida, kafin in sha ruwa ya ja ni bayan ɗaki ya nuna mini rago, fari ƙato, da ƙyar yake tashi. Ya ce shekara biyu yana kiwonsa da dusa da harawa, bai yarda ya sayar ba, yana jiran ranar da zan zo.

Da la'asar aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu kwance a kai, da zabi biyu. Kwano ɗaya aka ajiye mana ni da shi, irin na lokacin da muke yara. Nan babu ɗaki, babu ƙofar rufewa. Na yi loma uku daga gefe na janye hannu, na yi masa bayanin likita dalla-dalla. Ya saurara, ya dubi cikina, ya ce shi dai bai taɓa ganin marar lafiya mai irin wannan wuya ba. Muka yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Ashe a daidai lokacin maiɗakina ta hura kurfotinta a lungu tana dafa mini nawa, matar Yaya kuma tana kallo.

A garuruwanmu, in baƙo ya zo gidanka da tukunyarsa, ma'ana ɗaya ake ba abin: yana tsoron a sa masa wani abu. Kafin a sauko daga idi maganar ta zaga unguwa. An ce ɗan Lome bai yafe ba, matarsa ta gargaɗe shi da abincin gidan. Na ga alamar a fuskar Yaya tun a hanyar dawowa.

Aka yanka rago. Da aka gasa hanta da kitsen bindi, aka barbaɗe da gishiri da yaji, Yaya ya kawo da hannunsa inda muke zaune da maƙwabta wajen goma. Ya ɗauki yanka ɗaya ya gatsa rabi, ya tauna ya haɗiye, kowa na gani. Sannan ya miƙo mini sauran.

“Na ci rabi,” ya ce. “Karɓi, in ba tsorona kake ji ba.”

Na karɓa na ci. Na ƙara, na kuma ƙarawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, wata uku rabona da gishiri, daɗin har cikin kaina na ji shi. Yaya ya saki fuska, ya shiga ba mutane labarin yadda yake goya ni zuwa kasuwa muna yara. Kwana uku na ci duk abin da aka ajiye: suya, farfesun kai, tuwo da man shanu, fura da nono mai maiƙo. Maiɗakina ta yi magana, na ce ta tura kurfotin ƙarƙashin gado kada in sake ganinsa. Ƙwayar ma ban koma mata ba, don kada a gan ni da kwalba a ce makari nake sha. Tafiyar safe kuwa ko tunaninta ban yi ba. A kwanakin nan uku na sami yayana yadda na san shi, muka yi hirar iyayenmu, har ya ce baɗi shi zai zo Lome ya ga teku.

Rana ta huɗu da hantsi ina alwala, ƙeyata ta sara kamar an buga guduma. Haɓo ya ɓalle, buta ta suɓuce daga hannun hagu, na so in kira Yaya harshena ya ƙi juyawa. Maiɗakina ta fito ta gan ni a ƙasa, bakina ya karkace. Cikin firgita ta juya wajen mutanen gidan ta ce, “Me kuka ba shi?” Nufinta gishiri da kitse. Amma tsakar gidan cike take da 'yan yawon Sallah, kuma ba haka suka ji ba.

Yaya da kansa ya ɗora ni a amalanken da yake kai nama kasuwa, ya tura har ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya auna ni, ya yi ta faɗa da Faransanci, ya yi mini allura, ya ce na yi sa'a abin ya tsaya iya nan. Kwana biyar ina kwance. Yaya na zuwa safe da yamma, ya zauna a bakin ƙofa, bai taɓa kawo mini ko ruwa ba. Ban gane dalili ba sai da wani maƙwabcinsa ya faɗa mini. A gari ana cewa mahauci ya kira ƙanensa daga Lome ya ba shi sammu a hanta, rabin da ya gatsa kuwa ya san gefen da ya ci. Da kasuwa ta koma ci, ya yanka sa, naman ya yini a kan tebur, masu sayensa na shekara da shekaru suna wucewa tebur na gaba.

Ranar Juma'a na sa aka riƙe ni zuwa masallacin unguwa. Bayan an sallame na miƙe don in gaya wa jama'a cewa ciwona na kawo daga Lome, Yaya bai yi mini komai ba sai alheri. Harshen bai warware ba. Maganar ta fito a tauye, miyau na zuba, hannu na lilo. Na ga mutane na girgiza kai suna kallon Yaya ta wutsiyar ido. Da na san haka za a yi da ban tashi ba. Maiɗakina ta je har gaban matar Yaya ta durƙusa tana kuka tana ba da haƙuri, matar ta shige ɗaki ta saki labule.

Ranar da za mu taho, Yaya ya rako mu tasha, ya sa aka ba ni gaba kusa da direba. Na ce masa in na warke zan dawo in bi gida gida in wanke shi. 

“Ka yi zamanka a Lome, Allah ya ba ka lafiya,” ya ce. “In na mutu za a aiko maka.”

Bai jira motar ta tashi ba.

Ba mu tsaya Sokode ba sai canjin mota, don ban so surukaina su gan ni haka. A jirgi ni da maiɗakina ba mu yi maganar da ta wuce ta ruwa da ƙwaya ba. Mun iso Lome yau kwana goma sha biyu. Baki ya koma daidai, hannun ne har yanzu ba ya riƙe yadi in ina yanka. Likita bai yi mini faɗa ba, ya dai ƙara ƙwaya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗi. Mai ciwo irin nawa, in zai je Sallah gidan dangi, ya aika da bayanin ciwonsa tun kafin ya taso, ya sha maganinsa a bainar jama'a, ya roƙi matan gidan su dafa masa nasa da hannunsu, kada ya zo da tukunya. In an miƙo masa abin da aka hana shi, ya ƙi, ko da za a yi fushi. Da na ƙi hantar nan, Yaya zai yi fushi da ni ne kawai, sunansa na nan a kasuwa. Na ci don in nuna na yarda da shi, sai na bar shi da abin da ba zai iya wankewa ba.

Na ba direban Dapaong wasiƙa tun makon jiya. Jiya ya dawo, ya ce ya damƙa wa Yaya hannu da hannu. Na tambaye shi ko ya ce wani abu. Ya ce a'a, ya dai same shi zaune a bayan teburinsa yana korar ƙuda.