Mai Goyo a Rumfar Shayi

"Ba haka ake goyo ba," in ji mutumin da ke kusa da ni a rumfar mai shayi, kasuwar Ɗambatta. A talabijin, ɗan wasan da matarsa ta rasu yana kokawa da zani da jariri. "Ai sai ya sunkuya tukuna."

"A ina ka koya, Malam? Ina uwar yarinyar?" mai shayi ya tsokane shi.

Murmushi kawai yake. Hannunsa duk kanta. Yana jiƙa wa 'yar da ke cinyarsa burodi, shi bai ci ba. Bana komai tsada. Kitson yarinyar a karkace. Ina jin shi ya yi shi.

Ya sunkuya, ya goya ta tsaf. Ba wanda ya yi dariya.

"Mu je, Hure, awaki na jira."