Kaset ɗin Inna da Ba'amurken Yaya Habibou

Yayana Habibou ya zo Faransa a 1989 da hankalinsa, wani mataccen Ba'amurke ya cinye shi. Mutumin lauya ne, ya yi soja a yaƙin basasarsu, ya shiga majalisa, ya mutu tun kakanninmu ba su san akwai Amurka ba. A kansa Yaya yake rubuta kundin digirin dakta a Paris. Ba zan faɗi sunansa ba, ya gundure ni.

Ni Mounira ina aikin jinya a Lyon, ina zaune a unguwar Minguettes. In Yaya ya zo, ko gaisuwa ba ma gamawa sai ya ɗauko zancen: shari'ar mutumin ta farko, harsashin da ya same shi a cinya, zaɓen da ya sha kaye. Har sunan dokinsa ya sani. Sunan 'yata kuwa sai na tuna masa.

Innarmu a Zinder ba ta rubutu, a kaset take yi mana magana. A 1994 maƙwabcinmu na Zinder Malam Saley ya kawo wa Yaya ɗaya Paris, ya ce namu ne mu biyu, kuma jikin Inna ya yi nauyi. Na roƙi Yaya ya aiko mini, ya ce sai ya saurara tukuna. Wata biyu ina bin sa a waya, kullum yana laburare. Sai Inna ta rasu.

Bayan kwana uku na hau jirgin ƙasa, na same shi a ɗakinsa a Saint-Denis, gefen Paris. Ɗakin cike da kaset, don shi sai ya faɗa wa rikoda tunaninsa kafin ya rubuta. Na gane na Inna da rubutun Malam Saley, na saka.

"Habibou, Mounira, ina gaishe ku. Abin da nike so in gaya muku..."

Ƙaras! Sai muryar Yaya da Faransanci, yana bayanin jawabin mutuminsa kan harajin ulu. Gaba da baya, awa guda cur.

Wai kaset ne ya ƙare masa rannan, ya ɗauki na kusa bai duba ba. Ya yi kuka, ban tausaya masa ba.

Ya zama dakta a 1997, ya gayyace ni walima, ban je ba. Kaset ɗin yana wurina. Nakan saka shi in ji Inna ta kira sunana, in yi sauri in kashe kafin Yaya ya buɗe baki.