Wilfrid Tallentire da Waƙar Mutum Talatin da Ɗaya

Haihuwarsa

An haifi Wilfrid Tallentire ranar 9 ga Maris, 1946, a garin Alston da ke kan tuddan arewacin Ingila. Mahaifinsa, Septimus, makiyayin tumaki ne, mahaifiyarsa Enid kuwa ita ke jan baƙi a cikin mawaƙan majami'ar garin.

Karatu da Karɓar Amana

Bai yi nisa a karatu ba, ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi tumaki. A 1964 ya lizimci wata tsohuwa, Hesba Teasdale, wadda ita kaɗai ta rage da ke riƙe da waƙar mutum talatin da ɗaya da ramin haƙar dalma ya rufta da su a zamanin kakanta. Kowane baiti sunan mamaci guda ne da abin da ya bari a duniya. Ranar da ta amince ta koya masa, ta ce, "Ɗan Septimus, muryarka kamar ta tunkiya mai mura, amma kana da kunne. Sharaɗina ɗaya: kada ka yar da kowa. Wanda ka tsallake, ka binne shi sau biyu."

Zamansa a Landan

A 1968 ya sauka Landan, ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu, suna wasa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na unguwar Ladbroke Grove. Nan ya ɗora tsohuwar waƙar a kan jitar lantarki, yana goga ta da bakan goge har ta riƙa nishi kamar ƙasa na tsagewa, ganga na bugawa a hankali tamkar gatari daga nesa. Mai wannan rubutu, wanda ya tuƙa musu mota shekara uku, ya ga ƙattin da suka shigo da ihu sun yi tsit tun baiti na biyar, wasu na kallon rufin ɗakin. Ba a tafa masa. Fita ake yi sumui-sumui, kamar daga maƙabarta.

Faifan da Ba a Yi Ba

A 1971 wani kamfani ya nemi buga waƙar a faifai, abin da kowane makaɗi a unguwar ke mafarki. Sai dai waƙar minti talatin da huɗu take ci, fuska ɗaya ta faifai kuma ba ta ɗaukar haka, kamfanin ya ce ba a juya faifai a tsakiyar waƙa, a zubar da baiti goma. Makaɗin gangarsu, Barnaby Pask, ya ce, "Haba Wilf, sarkin taurin kai! Matattu ba sa sayen faifai, mu kuma wake muke ci safe da yamma." Wilfrid ya ajiye jerin sunayen da fensir a kan tebur, ya ce, "To, gwani, zaɓi goman. Sannan ka hau jirgin ƙasa ka je Alston ka gaya wa jikokinsu." Babu wanda ya taɓa fensirin. Kamfanin ya janye, ƙungiyar ta watse kafin ƙarshen shekarar.

Aure da Sauran Rayuwa

Ya koma gida a 1972, ya auri Thelma Nattrass, ungozoma, a 1973. Shekara talatin da biyar ya yi yana gina katangun dutse a makiyaya, sau ɗaya kuma a shekara yakan jona jitarsa a zauren garin ya rera waƙar cif. Masu neman tsofaffin kaɗe-kaɗe sun zo har daga Japan da na'urorinsu na ɗaukar murya, ya ba su shayi, ya ce su zauna su koya da baki kamar yadda ya koya.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 14 ga Nuwamba, 2009, bayan jinyar huhu, yana da shekara sittin da uku. An binne shi a Alston ana ruwan sama. A bakin kabarin 'yar autarsa ta ɗauko waƙar ba kiɗa, masu haƙa suka jingina da cebur suna jira, Barnaby Pask na tsaye da sandarsa, ruwa na zuba daga furfurarsa, bai motsa ba sai da aka kira na talatin da ɗaya. Ya bar matarsa Thelma da 'ya'ya uku: Edric, da Rowena, da Hesba, wadda waƙar ke hannunta, ba a rasa kowa a cikinta ba.